Yini Guda A Rikoto, Gidan Da A Ke Dafa Burkutu

A aikinmu na zagayen makarantu, in na shiga aji rajista na kan ce a fara miƙo mini. Malami yana iya share allo ya cika shi da kyakkyawan rubutu in ya ji labarin zuwana, amma rajista da wuya ta yi ƙarya. Ran nan a wata makarantar firamare cikin garin Zuru ina bin sunayen 'yan aji shida, sai na ga wata yarinya kowane mako tana fashin kwana biyu, Laraba da Alhamis, ba su sakewa. Na buɗe littafin jarrabawa, sai ga shi ita ce ta fari a lissafi.

Na tambayi malamin ajin dalili. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai 'yar masu giya ce daga Rikoto. Ran da uwarta ke dahuwa ba ta zuwa. Na yi faɗa har na gaji." A gaban yara ya faɗi haka, aka kuwa kwashe da dariya, yarinyar ta sunkuyar da kai. Da muka fito na tambaye shi ko ya taɓa taka ƙafa gidan. Ya ce Allah ya kiyaye, me zai kai shi? Wani malami Badakkare da ke tsaye kusa ya ce in ina so shi zai kai ni. Na ce to, mu je ran Alhamis, watau ranar da ba ta zuwa.

Saboda masu karatu na nesa, bari in ɗan faɗi inda mu ke. Zuru tana kudancin Jihar Kebbi, ƙasa ce mai duwatsu, mai albarkar dawa. A zamanin En'e tana cikin Lardin Neja, a 1976 aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, da aka ƙirƙiro Kebbi a 1991 ta faɗo ciki. Mafi yawan mutanenta su ne waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuwa Lelna su ke kiran kansu. An san su da noma da kokawa da aikin soja. A cikinsu akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin al'adar kakanni, sau da yawa ma a gida ɗaya. Rikoto unguwa ce cikin garin. Ni Musulmi ne, ban taɓa shan giya ba, ba kuwa sha ya kai ni ba. Hukuncinta a wurinmu sananne ne, ba sai na tsaya a kansa ba.

Muka isa wajen ƙarfe 9 na safe. Tun daga bakin lungu hanci ya riga ido sanin gidan, wani wari mai tsami-tsami gauraye da hayaƙi, kamar an dama koko a randa an manta da shi. A ƙofar gida muka iske wani tsohon soja zaune a kan kujerar katako, wan maigidan ne. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Malam, ɓatan kai ka yi?" Na ce, "A'a Baba, 'yarku na biyo." Ya yi dariya ya ce in shigo. Ban rufe baki ba sai ga yarinyar ta kunno kai da jarka a bisa kai, zanenta sharkaf. Da ta gan ni saura kaɗan ta saki jarkar.

Uwarta mace ce doguwa, ba ta da yawan magana. Ta durƙusa muka gaisa, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaro, nesa da hayaƙi. Na ce mata ban zo da faɗa ba, so na ke in ga aikin da ke hana 'yarta zuwa makaranta, tun daga farkonsa. Ta dube ni jim kaɗan, kamar mai auna ko ba'a na ke yi, sa'an nan ta ce in biyo ta.

Ɗakin tsiro ta fara kai ni. Jar dawa a ke jiƙawa ta kwana cikin ruwa, a tsame, a baza a ƙasa mai tsabta, a rufe da buhu ko ganye, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma. Cikin kwana 4 ko 5 sai ta tsira, saiwoyinta su sarƙe kamar tabarma. Daga nan a shanya ta a rana ta bushe ƙayau, a murtsuke, a kai injin niƙa. Ta ɗebo busasshen tsiro ta zuba mini a tafin hannu, ta ce in tauna. Na tauna, sai na ji zaƙi, alhali kowa ya san ɗanyar dawa ba ta da zaƙin kome. Wannan shi ne darasin da muka yi ta haddacewa a kwalejin horon malamai ba tare da mun taɓa sa shi a baki ba. Ƙwayar hatsi rumbu ce cike da sitaci, abincin da aka ajiye wa jaririn tsiro. In ta sha ruwa ta farka, sai ta fitar da wani sinadari mai narkar da sitacin nan ya koma sukari, domin tsiron ya samu abin ci. Mai dahuwa jira ta ke yi sinadarin ya yawaita, sa'an nan ta tsai da tsiron da zafin rana tun bai cinye sukarin ba.

Na ga tana kore awaki daga wajen shanya da gaske, na tambaye ta. Ta ce ɗanyen tsiro yana kashe akuya. Gaskiyarta. Tohon dawa da saiwarsa suna da dafi, shi ne dalilin da ya sa makiyayi ba ya barin dabba ta faɗa wa gyauron dawa. Shanya da murtsuka da doguwar dahuwa su ke rage shi.

Daga nan muka koma bakin murhu, inda aikin ya ke. Tukwane huɗu ne manya, kowace yaro zai iya ɓuya a ciki, an girke su an yaɓe gindinsu da laka don kada wuta ta tsere. A nan ne na ga abin da ya sa na rubuta wannan labari. Garin tsiro a ke damawa da ruwan sanyi a randa, a bar shi ya kwanta. In ya kwanta sai a tsiyaye ruwan sama a hankali a ajiye shi gefe, a ɗauki gasarar da ta zauna a ƙasa ita kaɗai a dafa, ana tuƙawa da muciya har ta yi kauri kamar kunu. Sai an sauke ta ta ɗan huce sa'an nan a mayar mata da ruwan da aka ajiye. Kafin a jima kunun nan mai kauri ya tsinke, ya zama ruwa mai zaƙi.

Na tambayi uwar me ya sa ba a dafa su tare a huta. Kafin ta amsa yarinyar ta ce, a hankali, ba ta ɗago kai ba, "In aka dafa tare ba ya zaƙi. Ƙarfin yana cikin ruwan sama, wuta tana kashe shi."

To, jama'a, wannan amsa ko a jarrabawar babbar makaranta aka ba da ita sai a ba ta maki cikakke. Sitacin dawa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, sinadarin da ke mai da shi sukari kuwa irin wannan zafi lalata shi ya ke yi. Sha'ir da Turawa ke aiki da shi ba shi da wannan matsala sosai, domin sitacinsa yana narkewa tun zafi bai kai haka ba. Dabarar ita ce a raba su, a dafa mai son wuta, a ɓoye mai tsoronta, sa'an nan a gama su. Matan ƙasar nan sun gaji wannan daga uwayensu, ba ma'aunin zafi sai yatsa. A 1988, da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, manyan masana'antun ƙasar nan dole suka juyo kan dawa, har irin gajeren kaura da masu bincike na Samaru suka fitar ya yi daraja. Masanansu suka yi ta fama da wannan matsala ta zafi, ita ce dai wadda yarinya 'yar aji shida ta warware mini da jimla biyu. Lemon kwalba na tsiro, wanda ba shi da maye, da mu ke sha a wajen suna da ɗaurin aure, ɗan'uwan ruwan zaƙin nan ne, an tsai da shi ne a wannan mataki.

Sauran aikin ba shi da tsawon bayani, sai dai wahala. Ruwan zaƙin ya kan kwana ya ɗauki tsami, ƙwayoyin da ke tsamar da nono da kamu su ne ke wannan aiki. Washegari a tace, a sake dafa shi awa da awa, a sauke ya huce, a zuba masa ragowar tsohuwar giya daga gindin tulu. A cikin ragowar nan yis ya ke, irin wanda masu burodi ke sawa a ƙullu. Shi ke cin sukari, ya fitar da iska mai kumfa da sinadarin maye. Kwana ɗaya zuwa biyu ta nuna. Mayenta ya kan kai kashi 3 zuwa 6 cikin 100, ba ta kuwa ajiyuwa, in ta ƙara 'yan kwanaki sai ta zama ruwan tsami a zubar. Dusar da aka tace a ba dabbobi.

Muna cikin haka rana ta take tsaka, sai tsohon soja ya aiko a kira ni. Ashe facalar matar nan, wadda ke ɗaya sashen gidan, tata ta nuna a ranar, dattawan unguwa uku sun zo ɗanɗano. An gaya mini a Faransa da Italiya mutane su kan ɗauki yini guda su tafi gonar inabi, a zagaya da su inda a ke matsa da inda a ke ajiya, a ba su kaɗan-kaɗan su ɗanɗana, su ci abincin rana su komo, har kuɗi su ke biya. To, ga irinsa a Rikoto, ba tikiti. Na zauna daga gefe ina kallo.

Mai giyar ce ta fara kurɓa daga ƙoƙon a gaban kowa, don a san ba ta sa kome ba, sa'an nan ta miƙa wa babbansu. Ya karkata ƙoƙon ya dubi kumfa, ya shinshina, ya kurɓa ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya yi shiru kamar alƙali zai yanke hukunci. Can ya ce wuta ta yi yawa a dahuwa ta biyu, ya ji ƙauri. Na biyu ya ce ba ƙauri ba ne, dawar ce ta bara. Tsohon soja ya ce su duka biyu harshensu ya mutu da taba, giya ta yi, sai dai da an bar ta zuwa la'asar da ta fi haka. Suka yi ta gardama, matar tana tsaye da ludayi ba ta ce uffan ba. Malamin da ya rako ni ya raɗa mini cewa hukuncin tsofaffin nan ba wasa ba ne, in suka kushe tukunya labari ya kan riga masu saye isowa.

Tsohon soja ya juyo gare ni ya ce a da ba don kasuwa a ke dafa ta ba. Ta gayya ce, da bikin Uhola bayan an kawar da amfanin gona, da lokacin golmo, watau noman da saurayi da abokansa ke yi wa surukai shekara da shekaru, har bakwai, kafin a ba shi mata. Wanda ya yini yana kaftu da garma shi a ke miƙa wa ƙwarya. Ya ce yanzu kuwa samari sun raina ta, sun koma wa barasar leda da ƙwayoyi, abin da ke kwantar da yaro tun hantsi. Na ce masa, "Baba, ai ita ma na ga waɗanda ta zaunar tun hantsi a bakin lungu." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ka gani daidai."

Da lokacin abinci ya yi sai aka yi mini abin da ban zata ba. Yaro ya zo da zabo a hannu da wuƙa, ya ce Inna ta ce in yanka da kaina, don in ci da kwanciyar rai. Na fuskanci alƙibla na yanka. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka ta sha daddawa, ga zabo a sama. Ruwan sha kuwa a sabuwar ƙwarya aka kawo, fara fat, matar ta ce ba a taɓa zuba kome a cikinta ba. Ban roƙa ba, ban ko yi zancen ba. Mutanen da suka saba zama da Musulmi a gida ɗaya sun san abin da zai dame shi tun bai faɗa ba. Da na ce zan yi azahar aka ba ni buta, aka share mini wuri a zaure. Na tuna da malamin da ya ce Allah ya kiyaye ya taka gidan nan, na ji kunya ta kama ni a madadinsa.

Bayan mun ci muka zauna maganar da ta kawo ni. Na ce, "Uwar gida, 'yarki tana da kai. In ta ci gaba da fashin kwana biyu a mako, jarrabawar shiga sakandare za ta ba ta wuya." Ta ce, "Malam, na sani. Amma rigar makarantar da ka gani a jikinta daga tukunyar nan ta fito, da littattafanta, da kuɗin wanta da ke kwaleji." Ta ce gonarsu ta gado tana can wajen Sakaba, 'yan bindiga sun hana zuwa, dawar da a da su ke ɗiba a rumbu yanzu a kasuwa ta ke aunowa. Itace saye, niƙa biya. Abin da ba ta biya shi ne ruwa, domin yarinyar ke ɗebowa, dahuwa ɗaya kuwa tana cin ruwa fiye da yadda mai kallo zai zata. In ta ɗauki ɗan garuwa kwana biyu, ribar ta tafi.

Na ce wa yarinyar ta ɗauko littafinta mu yi lissafin. Uwar na faɗin kuɗin dawa da itace da niƙa da abin da tulu ke kawowa, ita tana rubutawa, kafin in gama tarawa a kaina ta riga ta fitar da amsa. Lissafi ya nuna uwar ba ta yi ƙari ba. Ɗan garuwa na kwana ɗaya riba za ta ɗauka da ƙyar, na kwana biyu ba za ta ɗauka ba. A kan haka muka rabu, za ta sake ta ran Laraba, Alhamis kuwa ta ce ba ta yi mini alkawarin abin da ba za ta iya cikawa ba. Na roƙe ta abu ɗaya kuma, kada a sa yarinyar miƙa ƙwarya ga masu sha. Ta ce wannan tun da ma ba ta yarda ba, ta san abin da bakin mashayi ke faɗa wa budurwa.

Ni dai ban fito gidan nan ina yabon giya ba. Na ga dawar da za ta ci da gida kwana da kwanaki ta shiga tukunya a shekarar tsada, na ga itacen da a ke ƙonawa, na kuma ga magidanta zaune da ƙoƙo a lokacin aiki. Amma malamin da ya kira yarinya 'yar masu giya a gaban aji bai rage ko ƙwarya ɗaya daga abin da a ke sha a Rikoto ba, ɗalibarsa ta fari a lissafi kawai ya kusa kora. A 1856 wani mai masana'anta a birnin Lille na Faransa ya kai kuka wurin Louis Pasteur, cewa abin da ya ke dafawa yana tsami yana lalacewa. Pasteur ya je ya ɗebo daga tukwanen ya duba a madubin likita, ya ga yis a masu kyau, ya ga wasu ƙwayoyi dabam a masu tsami. Daga binciken nan hanya ta buɗe har aka gane ƙwayoyin cuta, aka kuma koyi ɗumama madara don kada ta lalace. Duk muna koyar da sunansa a aji, ba mu cika faɗa wa yara a bakin wace irin tukunya ya fara ba.

Malaman da ke son gwada darasin ba su bukatar kusantar abin maye ko kaɗan. A jiƙa dawa cikin tafi ɗaya, a bar ta ta tsira a aji, a shanya ta bushe sarai, a murje saiwa da toho. A dama garinta da ruwan sanyi a tace, a zuba ruwan cikin kunun da ya huce, a bar wani kunun ba a zuba masa ba. Bayan awa ɗaya yara su duba wanne ya tsinke. A ɗiga aidin a kowanne, mai sitaci zai yi baƙi-baƙi, wanda sitacinsa ya narke ba zai yi kamarsa ba. Kuɗin abin duka bai kai na alli ba.

Da zan tafi matar ta ƙulle mini busasshen tsiro a leda, na kai wa malamin ajin, na ce ya yi darasin, ya kuma bar yarinyar ta nuna wa 'yan'uwanta yadda a ke tsiyaye ruwan sama. Ya karɓa da yatsa biyu. Bayan mako uku na sake biyawa ta makarantar. Ya ce ya yi, kunu ya tsinke, yara sun yi ta mamaki, har hedimasta ya leƙo. Na ce a miƙo rajista. Laraba uku tana nan, Alhamis uku babu ita.